Ƙaramin Rance da Sana'ar Mata: Daga Jobra zuwa Maraɗi

A shekarar 1976 wani malamin tattalin arziki na Jami'ar Chittagong a ƙasar Bangladesh, Muhammad Yunus, ya shiga ƙauyen Jobra da ke gefen jami'ar, ya ƙirga mutum 42 waɗanda duk jarin da suke buƙata don fita daga hannun masu ba da kuɗi da ruwa bai wuce dala 27 ba. Cikinsu akwai mai saƙa kujerun gora, wadda ke karɓar kuɗin gora daga dillali bisa sharaɗin shi kaɗai za ta sayar wa, a farashin da ya yanka. Yunus ya ba su kuɗin daga aljihunsa, suka kuma biya shi. Wannan ne mafarin Bankin Grameen, wanda ya zama cikakken banki a 1983, kuma kusan kashi 97 cikin 100 na masu cin bashinsa mata ne.

Bankuna na gargajiya ba su taɓa waiwayar irin waɗannan mata ba, kuma dalilinsu a fili yake. Banki yana neman jingina, mace talaka kuwa ba ta da takardar fili ko ta gida. Ɗawainiyar bin bashin naira dubu ashirin kusan ɗaya take da ta bin miliyan ashirin, ribar kuma ba ɗaya ba. Dabarar Grameen ita ce mayar da zumunci ya zama jingina: mata biyar su haɗu rukuni guda, a riƙa biya kaɗan-kaɗan duk mako a gaban jama'a, wadda ta cika alkawari a ƙara mata a zagaye na gaba. Aka ga mata sun fi maza biya. Ba su cika barin gari ba, kunyar a kira sunansu a taro tana damunsu, abin da suka samu kuma yakan tafi tukunya da makarantar yara. Masu ba da agaji suka ga sun sami hanyar taimako da kuɗin ke komowa. A 1997 aka yi babban taro a Washington da burin kai rance ga iyalai miliyan 100, Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 2005 a matsayin shekarar ƙaramin rance, a 2006 kuma Yunus da bankinsa suka karɓi kyautar Nobel ta zaman lafiya.

Guguwar ta iso Najeriya ta ƙofofi da dama. Gwamnati ta kafa People's Bank a 1989, bankunan al'umma suka biyo baya, Babban Banki ya fitar da tsarin ƙananan bankuna a Disambar 2005, sannan a 2018 aka yi shirin TraderMoni na ba da rancen naira dubu goma. Cibiyar ba da ƙaramin rance ta LAPO, wadda ta taso daga Kudu, ta bazu a ƙasar da salo mai kama da na Grameen.

A ƙasar Hausa ba sai an koya wa mace sana'a kafin a ba ta jari ba. Cikin gidaje ake soya ƙosai da awara, a matse man gyaɗa a yi ƙuli-ƙuli, a dafa daddawa, a dama fura, a ɗinka hula, a yi kiwon awaki. Addini da al'ada sun yarda cewa dukiyar mace tata ce. Abin da ke tauye ta shi ne ƙarancin jari. Mai ƙuli-ƙulin da ke sayen gyaɗa kwano biyu kullum a hannun ɗan kiri tana biyan tsada, alhali da tana da kuɗin buhu a lokacin kaka, da ribarta ta canza ba tare da ta ƙara awa ɗaya a bakin murhu ba. Ga irin wannan mace rance yana aiki, kuma ba na shakkar labaran matan da suka fara da tire ɗaya suka kai ga shago. Tambayar da ta dame ni ita ce, mata nawa ne cikin ɗari ke kaiwa nan, me kuma ke tare sauran a hanya.

An daɗe ana amsa wannan tambaya da labarin mutum ɗaya ko biyu. A 2015 aka buga sakamakon bincike shida da aka yi a Indiya, Habasha, Maroko, Meziko, Mongoliya da Bosniya, inda aka kwatanta waɗanda aka buɗe wa ƙofar rance da takwarorinsu da ba a buɗe wa ba. Cikin masu binciken har da Abhijit Banerjee da Esther Duflo, waɗanda suka sami Nobel ta tattalin arziki a 2019. Abin da aka gani bai yi wa masu tallar rance daɗi ba, bai kuma gamsar da masu zaginsa ba. Harkar sana'a ta ɗan faɗaɗa, mutane sun sami zaɓi wajen yadda suke juya kuɗinsu, amma a jimlace kuɗin shigar gida bai tashi yadda aka yi alkawari ba, kuma ba a ga wani babban sauyi a karatun yara ko a matsayin mace a gidanta ba. A birnin Hyderabad na Indiya, waɗanda suka fi cin gajiya su ne masu sana'ar da tun farko take tafiya.

Dalili mafi nauyi, a ganina, shi ne hannun da kuɗin ke ƙarewa a ciki. Tun 1996 masu bincike biyu, Anne Marie Goetz da Rina Sen Gupta, suka bi sawun rancen mata a Bangladesh, suka tarar kusan kashi biyu cikin uku na matan ba su ne ke da cikakken iko da kuɗin ba. Miji ne, ko ɗa, ko wani namiji na gida ke juya shi, amma ranar biya mace ce ke zama a gaban jami'in banki. A Sri Lanka an raba wa ƙananan 'yan kasuwa jari kyauta, ribar maza ta tashi sosai, ta mata kuwa ba ta motsa ba, har wasu suka fara cewa mata ba su iya kasuwanci ba. Da aka sake duba alƙaluman Sri Lanka da Indiya da Gana a 2019, sai aka ga inda gizo ke saƙar: a gidan da miji ma yake da sana'a, jarin matar yakan koma cikin tasa. Inda mace ce kaɗai mai sana'a a gidan, ribarta ta tashi.

Duk wanda ya tashi a cikin gidajenmu ya san yadda wannan ke faruwa, kuma sau da yawa ba da mugunta ba. Maigida ya ce, "Ara mini zuwa ranar kasuwa." Ƙane ya zo da maganar kuɗin jarrabawa. Uwar miji ta kwanta ciwo. Mace mai kuɗi a ƙulle a bakin zane ba ta da bakin cewa babu, domin kowa ya ga ranar da ta karɓo su. Wani bincike a Kampala ta Uganda ya gwada sauyi guda kawai: maimakon a miƙa wa mace rancenta a hannu, aka tura mata shi a asusun wayarta. Bayan wata takwas, ribar waɗannan mata ta fi ta masu karɓa a hannu da kusan kashi 15 cikin 100, kuma matan da dangi suka fi matsa wa su suka fi amfana. A Gana ma an ga cewa idan aka saya wa mace kayan sana'a maimakon ba ta tsabar kuɗi, jarin ya fi zama a cikin sana'ar. Kuɗin bai ƙaru ko sisi ba, an dai ba ta damar ta riƙe abinta.

Sai lokacin biya. Tsarin da aka gada daga Grameen yana so a fara biya mako ɗaya ko biyu bayan karɓa. Mai sayar da ƙosai tana iya wannan, domin kuɗinta na dawowa kullum. Mai kiwon tunkiya don Babbar Sallah ba ta iyawa, haka ma wadda ta sayi keken ɗinki tana jiran a san ta a unguwa. Shi ya sa mata da yawa ke ware wani kaso na rancen tun ranar farko don biyan makonnin farko, wato suna biyan ruwa a kan kuɗin da bai taɓa shiga sana'a ba. A Kolkata an gwada ba wa wasu mata hutun wata biyu kafin fara biya. Bayan shekara uku sana'arsu ta fi girma da riba, sai dai masu kasa biya a cikinsu sun ƙaru. Mai ba da rance yana kallon ƙarshen wannan jimlar, mace kuma tana buƙatar farkonta, kuma har yau akasarin cibiyoyi sun zaɓi kwanciyar hankalinsu.

Akwai kuma kasuwa. In mata goma a layi ɗaya suka karɓi rance duk suka kama awara, masu saye ba su ƙaru ba. Wani ɓangare na rancen ma ba sana'a yake tafiya ba, yana tafiya asibiti, kuɗin makaranta da kayan ɗakin 'ya. Ban ga laifin uwar da ta yi haka ba, domin buƙatar gaskiya ce, kuma bashi hanji ne, yana cikin kowa. Amma rancen da bai haifi riba ba da wani rance ake biyansa.

Daga nan ne abin ke iya rikiɗewa ya zama masifa, musamman da masu zuba jari suka gane cewa akwai riba a bashin talaka. A 2007 bankin Compartamos na Meziko, mai karɓar ruwan da ya kusan ninka uwar kuɗi a shekara, ya sayar da hannayen jarinsa, masu shi suka kwashi dukiya, Yunus kansa ya fito ya yi tir. A 2010 kamfanin SKS na Indiya ya bi sahu. A jihar Andhra Pradesh cibiyoyi suka yi ta rige-rigen ɗora wa mace ɗaya bashi uku ko huɗu, aka sami rahotannin mutane da dama da suka kashe kansu saboda matsin masu karɓa, har gwamnatin jihar ta kafa doka a Oktoban shekarar, biyan bashi ya durƙushe. Zumuncin da aka mayar jingina yana da kaifi biyu: ƙawar da ta tsaya miki ita ce za ta zo ɗaukar tukunyarki ranar da kika gaza. A shekarar 2010 ɗin ne kuma Babban Bankin Najeriya ya soke lasisin ƙananan bankuna 224, abin da ya girgiza amanar masu ajiya.

Wata hanya dabam ta ɓullo a ƙasar Hausa, kuma ban ga ana ba ta darajar da ta cancanta ba. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara aiki da matan karkara a jihar Maraɗi ta Nijar a ƙarƙashin sunan Mata Masu Dubara. Ba a kawo musu jari daga waje ba. An ɗora ne a kan adashin da suka sani, aka gyara shi. Mata ashirin zuwa talatin suna haɗuwa duk mako, kowa ta zuba abin da aka amince, a ajiye a akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, makullan a hannun mata uku. Mai buƙata ta ranta daga ciki ta mayar da ɗan ƙari, a ware wani asusu na jaje da rashin lafiya, idan zagaye ya cika a fasa akwati kowa ta ɗauki rabonta da ribarsa. Bambancinsa da adashi shi ne ba sai kin jira kwasarki ba, ranar da buƙata ta taso ranar za ki nema. Wannan tsari da aka ƙirƙira a ƙauyukan Maraɗi ya bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka da wajenta, miliyoyin mata na cikinsa, a Nijar kuma wasu da suka koyi magana a bakin akwati sun kai ga kujerar kansila.

Ƙarfinsa yana daidai inda rancen banki ke da rauni. Kuɗin da ke cikin akwati mai makulli uku ba a karɓe shi da lallashi cikin dare. Masu yanke hukunci sun san wadda mijinta ya rasu da wadda gonarta ta ƙone. Ribar kuma ba ta barin ƙauye. Duk da haka ba ya yin abin al'ajabi. Binciken da aka buga a 2017 kan irin waɗannan ƙungiyoyi a Gana, Malawi da Uganda ya nuna sana'o'i sun inganta, muryar mata a gida ta ƙaru, amma abin da iyali ke ci bai sauya sosai ba. Akwatin matalauta ƙarami ne, ba ya sayen injin niƙa. A Najeriya ma, inda hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100 a 2024, kuɗin da aka tara na shekara guda yana zubar da daraja kafin a raba.

Maganar kuɗin ruwa ba ƙaramar magana ba ce a wurinmu. Mata da yawa na gudun rance saboda tsoron riba, wasu mazan ma a kan haka suke hanawa, kuma kuskure ne a ɗauki wannan a matsayin jahilci da za a wayar. Mafita tana nan. A Pakistan, gidauniyar Akhuwat da Amjad Saqib ya kafa a 2001 tana ba da rance marar ruwa, tana raba shi a masallatai da sauran wuraren ibada don rage ɗawainiya. Bankin Jaiz ya fara aiki a Najeriya a 2012. Cinikin murabaha, inda cibiya ke sayen keken ɗinki ko buhun gyaɗa ta sayar wa mace da ribar da aka sani tun farko, ya dace da shari'a, kuma ya zo daidai da abin da aka gani a Gana: kaya sun fi kuɗi zama a hannun mai sana'a.

Akwai matan da bai kamata a ba su bashi ba ko kaɗan. Bazawarar da rikici ya koro daga ƙauyenta da marayu biyar, ba ta da tukunya balle ciniki, in aka ba ta rance abinci za ta saya, kuma daidai ta yi. Ƙungiyar BRAC ta Bangladesh, wadda ita ma babbar mai ba da rance ce, ta gane haka, shi ya sa daga 2002 ta fara ba waɗanda suka fi talauci kyautar saniya ko awaki, da ɗan kuɗin abinci na wasu watanni, da horo, da mai ziyartarsu a kai a kai, har su tsaya da ƙafarsu. An gwada tsarin a ƙasashe shida, ciki har da Gana da Habasha, sakamakon da aka buga a 2015 ya nuna a yawancinsu iyalan sun ci gaba da samun ƙarin abinci da dukiya shekara guda bayan an janye tallafin. Yana da tsada fiye da rance, kuɗinsa kuma ba ya komowa aljihun mai bayarwa, don haka bankuna ba za su yi shi ba. Aikin gwamnatocin jihohi ne da hukumomin zakka da waƙafi, kuma akuyar da suke rabawa ba za ta wadatar ba sai an haɗa ta da abincin watannin farko da mai bibiya.