Tsohuwar Kwamfutata Da Manhajar Linux

'Yan'uwana ɗalibai, a hutun da ya wuce na koma gida Kauru da wata tsohuwar kwamfutar cinya ƙirar Dell, wadda yayana ya sayo mini ta hannu a Kafanchan. A kanta nake buga kundina na aji huɗu. Tun ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina bai wa Windows 10 kulawar da ya saba, ga shi tsohuwar tawa ba za ta ɗauki Windows 11 ba. Don haka na yanke shawarar sa mata Linux Mint.

Linux manhaja ce ta kyauta, wadda wani ɗalibi mai suna Linus Torvalds ya fara a Helsinki a 1991. Tana da tsarin rubutu na Hausa mai ɗauke da ɓ da ɗ da ƙ. Ni da ban sha Hausa a nono ba, na san zafin jan biron malam idan na rubuta "kasa" a maimakon "ƙasa".

Na zuba manhajar a filashi da taimakon Rufus, na soka, na kunna. Sai kwamfutar ta zarce Windows abinta. Ashe akwai wata 'yar manhaja a jikin na'urar mai suna BIOS, wadda ke fara farkawa, kuma ita ke zaɓar inda za a tashi. Ana shiga wurinta ne ta danna F2 a Dell, ko F10 a HP, da zarar an kunna. F12 a Dell, ko F9 a HP, shi ke fito da jerin wuraren tashi.

Na zaɓi filashin, ya ƙi. A nan na kwana biyu. Dalili kuwa, hanyoyin tashi biyu ne: tsohuwa, wato Legacy, da sabuwa, wato UEFI. Na shirya filashin a tsarin GPT, wanda Rufus ke haɗawa da UEFI, alhali kwamfutar tana kan Legacy. Kamar ka gai da kurma ne a duhu. Da na sake shirya shi a tsarin MBR, sai ya tashi. Wanda tasa ke kan UEFI kuma ta ƙi, ya gwada kashe Secure Boot.

Sai wata sabuwa: Linux ta tashi amma ba ta ga faifan ajiyar kwamfutar ba. Maganin shi ne a shiga SATA Operation a mayar da shi AHCI daga RAID On. Ina canzawa na tuna ban kwafe kundina ba. Na koma Windows, sai shuɗin allo. Babi uku! Gumi ya keto mini. Ashe Windows ba ta tashi idan an sauya mata wannan saiti, amma ajiyarta ba ta taɓu ba. Na mayar da RAID On, ta buɗe, na kwafe komai a filashi biyu kafin na ci gaba.

Bayan an gama, duk ranar da cajinta ya ƙare ƙaf, abin da ba baƙo ba ne a garinmu, sai ta manta saitin, kwanan wata ma ya koma baya. Wani ɗan batiri ne mai kama da kwabo a cikinta ya mutu. Wani mai gyara a Saminaka ya canza mini shi, tun daga nan ba ta sake mantuwa ba.