YARON DA YA BUGU A KA: BARCI YANA CIKIN MAGANINSA

Iyaye mata na Mashi da kewaye, ku saurara.

Sau da yawa samari da 'yan mata sukan bugu a ka. Wani babur ya kada shi a hanyar Katsina zuwa Daura, wani a filin ƙwallo ko wurin dambe, wata kuwa ta faɗo daga amalanke. Ko ba jini, ko yaro bai suma ba, ƙwaƙwalwa tana iya girgiza a cikin ƙoƙon kai. Alamun haka su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya, mantuwa, saurin fushi da rikicewar barci.

DA FARKO, ASIBITI

Ki kai shi asibiti a ranar, ma'aikacin lafiya ya duba shi. Wasu iyaye sukan hana yaro barci dare guda, wai kada ya wuce daga nan. In an duba shi an ce ku koma gida, ki bar shi ya yi barcinsa. A cikin barci ne ƙwaƙwalwa take hutawa, take gyara kanta. Amma a awa 24 na farko kada a bar shi shi kaɗai. Babba ya kwana kusa da shi, yana lura da numfashinsa.

KI GARZAYA DA SHI ASIBITI KO DA TSAKAR DARE NE, IN KIN GA:

1. Ya ƙi farkawa, ko barci yana ta rinjayarsa.
2. Amai a kai a kai.
3. Ciwon kai yana ƙaruwa.
4. Jijjiga.
5. Jini ko ruwa daga hanci ko kunne.
6. Magana ta karkace, ko hannu ko ƙafa ya yi sanyi.
7. Ba ya gane mutanen gida.

In an tura ku asibiti a Daura ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ku tafi nan take.

YADDA ZA KI GYARA MASA BARCI

Mai shekara 13 zuwa 18 yana bukatar barcin awa 8 zuwa 10 kowane dare. Wanda ya bugu a ka yakan bukaci fiye da haka a kwanakin farko.

1. Ya kwanta da wuri bayan Lisha. In ya kwanta ƙarfe 9, kafin Asuba ya sami awa 8. Kullum lokaci ɗaya.
2. Ba fita hira ko gidan kallon ƙwallo da dare.
3. Ki karɓe wayar a kwana biyun farko. Bayan nan, ya ajiye ta awa ɗaya kafin kwanciya.
4. Ba goro, ba shayi mai kauri, ba kofi, ba lemon ƙara kuzari daga La'asar.
5. Ɗaki ya zama da duhu da iska, a kashe rediyo, a ɗaura gidan sauro.
6. Bayan kwana biyu, barcin rana kada ya wuce rabin awa.
7. Kada ki sayo maganin barci, ko taramol, ko kodin. Suna ɓoye alamun haɗari. Farasitamol kaɗai, yadda aka faɗa miki a asibiti.

KADA A KULLE SHI A ƊAKI

Taron likitocin duniya da aka yi a Amsterdam a 2022 ya nuna hutun kwana ɗaya ko biyu ya isa. Daga nan ya riƙa ɗan zagayawa da safe. Hasken rana da motsa jiki suna kawo barcin dare. Ya koma boko da Islamiyya sannu a hankali, ki sanar da malamansa.

Amma ba ƙwallo, ba dambe, ba kokawa, ba tuƙa babur, sai likita ya amince. Bugu na biyu kafin na farko ya warke yana iya nakasa yaro ko ya kashe shi.

Yawancin yara sukan warke cikin mako huɗu. In ya wuce haka, ko barcin ya ƙi daidaita, ki dawo da shi.

In ya warke zai hau babur, ya sa hular kwano. Rigakafi ya fi magani.

Ki faɗa wa maigida, ki faɗa wa maƙwabciyarki.