Abin Da Yaro Ke Koya A Ajin Kareti

Yawancinmu a gidan kallo muka fara sanin kareti, inda mutum ɗaya zai tarwatsa ƙartai ashirin ya fita ko ƙwarzane babu. Shi ya sa idan yaro ya matsa sai an sa shi ajin kareti, uwa takan ce a ranta: yanzu ma yaya aka ƙare tsakaninsa da ƙannensa, balle an koya masa duka? Tsoron nata yana da hujja. Sai dai abin da ake yi a ajin kirki ya yi hannun riga da na fim. Su Bruce Lee da Jackie Chan ma da suka cusa wa yaranmu sha'awar abin, ba kareti ne tushensu ba, salon faɗan ƙasar Sin ne.

Asalin kareti tsibirin Okinawa ne a kudancin Japan, inda dabarun faɗan mutanen wurin suka cuɗanya da waɗanda aka ɗauko daga Sin. A da malami ɗaya ne da almajirai ƙalilan, a keɓe. Wanda ya buɗe wa yara ƙofa shi ne Anko Itosu, da ya shigar da shi makarantar firamare a garin Shuri a 1901. Itosu ya san ba a damƙa wa ɗan shekara goma abin da aka tanada don illata babban mutum, sai ya sassauta dabarun da ke da haɗari, ya kuma tsara darussa biyar masu sauƙi da ya kira Pinan. Ɗalibinsa Gichin Funakoshi ne ya kai wasan Tokyo a 1922, kuma daga gare shi salon Shotokan ya fito. Darussan nan biyar, waɗanda a Shotokan ake kira Heian, har yau su yaro ke fara koya, ko a Tokyo yake ko a harabar wata makaranta a Kaduna.

Ajin kan ɗauki awa ɗaya zuwa awa ɗaya da rabi. Yara su cire takalma, su jeru sahu-sahu gwargwadon matsayinsu, a ɗan yi gudu da miƙe gaɓoɓi har jiki ya saki. Sannan a shiga karatun, wanda ya kasu uku. Duk wanda ya yi makarantar allo zai gane tsarin nan take: sai an ƙoshi da babbaƙu da farfaru kafin a kai ga hadda.

Kashi na farko shi ne kihon, wato tushe. A nan ne mai kallo kan gaji, domin abu ɗaya ake ta maimaitawa. Malami yana ƙirga da Japananci, ichi, ni, san, yara suna naushin iska. Amma a dubi naushin da kyau. Dunƙulen hannu yana tashi ne daga ƙugu, tafin yana kallon sama, sai ya kusa isa inda aka nufa sannan ya murɗa ya kalli ƙasa. A daidai lokacin ɗaya hannun yana komawa ƙugu da ƙarfi. Ƙarfin dukan ba daga damtse yake fitowa ba. Ƙafar baya ce ke tokare ƙasa, ƙugu ya juya, nauyin jiki duka ya bi hannun. Sabon shiga da kafaɗa yake naushi, yana riƙe numfashi, bayan ashirin ya fara haki. Malami zai zo ya danna masa kafaɗa ƙasa, ya gyara masa wuyan hannu don kada ya lanƙwashe, ya ce sake. Haka za a yi ta yi makonni, har jiki ya riƙe abin ba sai an yi tunani ba. Ihun nan da ake ji a ƙarshen sahu, kiai, shi ma yana da aiki: yana tilasta wa yaro fitar da numfashi da ɗaure ciki a daidai lokacin dukan.

Kashi na biyu kata ne, jerin motsi da ake haddacewa ana yi ba abokin karawa. Na farkon Heian motsi 21 ne, ana juyawa hagu da dama, gaba da baya, a dawo daidai inda aka tashi. Yaron da hankalinsa ba ya tsayawa wuri ɗaya a nan ake kama shi, domin da ya shagala zai ga kowa ya fuskanci gabas shi kaɗai yana kallon yamma.

Na uku, kumite, shi ne karawar da iyaye ke tsoro, kuma a nan ne ake rabe ajin kirki da na banza. Sabon ɗalibi ba a sakinsa ya yi dambe. Da karawar taku biyar ake farawa: mai kai hari zai faɗi inda zai daka da babbar murya, ya tako sau biyar, ɗayan yana ja da baya yana karewa, a ƙarshe ya rama sau ɗaya ya tsayar da hannunsa dab da jikin abokinsa. Wannan tsayarwar ita ce zuciyar karatun. Sakin naushi kowane yaro ya iya tun yana rarrafe; tsayar da shi a inda ka ga dama alhali jininka ya hau, wannan sai da horo. Dokar gasa ma a kan haka aka gina ta. Naushi mai tsabta maki 1 ne, shuri a jiki maki 2, shuri a saitin kai maki 3, amma wanda ya wuce gona da iri hukunci yake samu, kuma a gasar yara dokar taɓa fuska ta fi tsanani. An ga misali a wasannin Olamfik na Tokyo a 2021, karon farko da aka sa kareti a cikinsu. A wasan ƙarshe na masu nauyi, Tareg Hamedi na Saudiyya yana kan gaba da maki, sai ya shuri Sajad Ganjzadeh na Iran har ya suma. Alƙalai suka fitar da Hamedi, wanda ya suman aka ba zinare.

Ɗamarar da ake ɗaurawa a ƙugu aro ce daga wasan judo, kuma Funakoshi ya fara ba da baƙar ɗamara a 1924. Da fara ake farawa, a bi launuka har ruwan ƙasa, sannan baƙa. Jerin launukan ya bambanta daga wannan makaranta zuwa waccan, don haka kada a ruɗu da shi. Amfaninsa shi ne yanka wa yaro doguwar tafiya gunduwa-gunduwa, duk bayan 'yan watanni ya ga sakamakon guminsa. Illarsa kuwa kuɗin jarrabawa ne, domin malamin da ya mayar da abin kasuwa zai riƙa sauya wa yara launi akai-akai don ya karɓa. Baƙar ɗamara shekaru take ci. Duk wanda ya yi wa ɗanka alkawarinta cikin shekara ɗaya, aljihunka yake kallo.

Akwai abin da ban yarda a ɗaga wa kowane malami ƙafa a kai ba, shi ne lafiyar jikin yaro. Ƙasusuwan yaro ba su gama ƙwari ba, a bakin gaɓoɓinsa akwai guringuntsin da daga nan ƙashi ke tsawo. Sa shi ya daki bango, ko katako, ko ya fasa bulo don a burge 'yan kallo, zalunci ne ba horo ba. Haka karawa a kan siminti ba safar hannu, ba robar kare haƙora. Yaron da ya bugu a ka ya ce yana jin jiri, a zaunar da shi a kai shi asibiti, ba a ce masa ya daure shi namiji ne ba. Malamin kirki kuma zai faɗa wa matasa gaskiya: kareti ba maganin ƙarfe ba ne. Idan masu ƙwacen waya suka tare ka da wuƙa, ka ba su, ka tsira da ranka.

Wasu iyayen sunkuyawar gaisuwa ce ke damunsu, ganin ta yi kama da ruku'u. A wurin Japanawa gaisuwa ce ta girmamawa, amma wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya yi magana da malamin tun ranar farko, ya kuma tambayi malamansa na addini. 'Ya'ya mata kuwa ƙofa a buɗe take gare su. Hukumar kareti ta duniya ta amince da rufe kai a gasa tun 2013, kuma Feryal Abdelaziz ta Masar ta ci zinare a Tokyo. Abin lura shi ne a samu ajin da ba a keɓe yarinya da malami, wanda ƙofarsa ke buɗe ga iyaye a kowane lokaci.

Saboda haka, kafin ka biya ko sisi, ka je da kanka ka zauna daga farkon darasi har ƙarshe. Ka tambayi malamin wa ya koyar da shi, kuma ko yana da rajista da ƙungiyar kareti ta jiha ko ta ƙasa. Ka duba yadda yake yi da yaron da ya fi kowa rauni a ajin, da abin da yake yi idan babba ya daki ƙarami da gangan. In ya ƙi a zauna a kalla, ka kama hannun ɗanka ku nemi wani wurin.