Makro da Mantuwa: A Riƙe a Ka, ko a Rubuta a Fayil?

Makro, wato ɗan shirin da ake rubutawa cikin Excel ko LibreOffice don ya riƙa maimaita wani aiki, mai saurin mantuwa ne. Da ya gama aikinsa, lissafin da ya riƙe ya bi iska. To yaya mai shagon da yake son lambar rasit ta tashi daga 41 zuwa 42 duk sanda ya danna maɓalli zai yi? Ko dai a bar lambar a ƙwaƙwalwar kwamfuta, ko kuma a rubuta ta cikin fayil ɗin kansa.

Hanyar farko ba ta cin gumi. A yaren VBA, wanda Microsoft ya shigar cikin Excel a 1993, kalma ɗaya ta wadatar: a sa Static gaban sunan lambar, sai ta zauna daram tsakanin wannan dannawa da ta gaba. A LibreOffice akwai Global, mai riƙe lamba ko bayan makro ya tsaya. Wanda ya saba da Excel ya rubuta Public a can, yana zaton duk ɗaya ne, zai tarar lambarsa ta koma sifiri. Wajen sauri kam babu mai kamo wannan hanya, kuma ba ta taɓa fayil ko kaɗan. Sai dai riƙon nata na aro ne. A rufe fayil, ko shirin ya ci karo da umarnin End, ko a ɗauke wuta, shi ke nan. Abin takaicin ma, lambar ba ta sallama in za ta tafi: makro zai ci gaba da ƙirga daga farko, sai ƙarshen wata a ga rasit biyu da lamba ɗaya.

Ta biyun tana da nawa, amma tana da riƙo. Ana ware shafi guda a rubuta lambar a ciki, a ɓoye shi. Excel ma yana da ɓoyon da ake kira xlSheetVeryHidden, wanda shafin ba ya ko fitowa a jerin ɓoyayyu. Lambar takan bi fayil duk kwamfutar da aka kai shi. Ita ma da nata aibin. In ba a adana fayil ba, rubutun ya tashi a banza. In aka kwafe shi gida biyu, kowane kwafi zai kama ƙirgarsa. Kuma da makro ya rubuta a shafin Excel, damar janye aikin baya ta kuɓuce wa mai aiki. Kalmar sirri kuwa kada a ajiye ta nan, don ɓoyo ba kulle ba ne.

Ni dai tambaya ɗaya nake yi: in abin ya ɓace, za a iya sake samo shi? Jerin farashin da aka karanto daga wani shafi ya zauna a ƙwaƙwalwa, in ya goge a sake karantowa. Lambar rasit ba ta da wani tushe da za a koma gare shi, don haka a rubuta ta, kuma makro ya adana fayil nan take.