Mai Jiri A Cikin Sahu: Bayani Kan Ciwon Jijiyoyin Da Ke Tafiyar Da Jiki

 

'Yan uwa, da wuya a sami masallacin Juma'a da ba a taɓa ganin wani ya yanke jiki ya faɗi a cikin sahu ba, musamman in an miƙe bayan doguwar huɗuba a lokacin bazara. Galibi yunwa ce ko zafi ko rashin barci, sau ɗaya ne abin ya wuce. Amma akwai bayin Allah da wannan jiri ya zame musu abokin zama. Kullum suka miƙe tsaye sai idonsu ya yi duhu, zuciya ta riƙa dukan uku-uku, ƙafafu su yi sanyi. In ka gan su a zaune ka rantse lafiyarsu ƙalau. A kan waɗannan muke son yin bayani, domin ciwonsu yana da suna, ana iya auna shi, kuma ana iya zama da shi in an san yadda ake lallaɓa shi.

Babu wanda a cikinmu yake ba zuciyarsa umarnin ta buga, ko ya ce wa cikinsa ya narkar da tuwon da ya ci. Allah cikin hikimarsa ya ɗora wannan aiki a kan wasu jijiyoyin saƙo da suka taso daga ƙwaƙwalwa da laka suka ratsa ko'ina a jiki. Su ke kula da bugun zuciya, da ƙarfin gudun jini, da zufa, da narkar da abinci, da riƙe fitsari da sakinsa, har da buɗewar ƙwayar ido da tsukewarta. Wani masani ɗan Ingila, John Langley na jami'ar Kambirij, shi ya raɗa musu suna a shekarar 1898, sunan da ma'anarsa ita ce jijiyoyi masu gudanar da kansu. Reshe biyu ne manya: ɗaya yana zaburar da jiki lokacin tsoro ko aiki, ɗayan yana kwantar da shi lokacin hutu da cin abinci. Idan suka daina aiki yadda ya kamata, likitoci suna kiran matsalar disotonomiya.

Miƙewa tsaye ita ce babbar jarrabawar waɗannan jijiyoyi. Da zarar mutum ya tashi daga kwance, jinin da ya kai rabin lita ko fiye yana gangarawa ƙafafu da ciki, kamar yadda ruwa ke taruwa a gindin gora in an tsayar da ita. A jijiyoyin jini na wuya da na kusa da zuciya akwai wasu 'yan wurare masu jin raguwar ƙarfin jini. Nan take su kai rahoto ƙwaƙwalwa, ita kuma ta sa jijiyoyin jini na ƙafafu su matse, zuciya ta ɗan ƙara sauri, jini ya koma sama. Duk wannan cikin 'yan daƙiƙu ne. Mai lafiya yakan tashi daga sujada zuwa tsayuwa sau da dama a yini bai taɓa sanin ana wannan hidima dominsa ba.

Wanda jijiyoyinsa suka raunana, saƙon ko dai ya makara ko ya zo a birkice. A wasu, ƙarfin jini ne ke faɗuwa. Likita yakan tabbatar da haka idan lambar sama ta awon jini ta ragu da 20, ko ta ƙasa ta ragu da 10, cikin minti 3 da miƙewa. An fi ganin wannan a dattawa, da masu ciwon rawar jiki na Fakinsan, da waɗanda suka daɗe da ciwon suga. A wasu kuma ƙarfin jinin ba ya faɗuwa sosai, zuciya ce ke sheƙa gudu don ta cike giɓin. Wannan shi ne ake kira POTS, sunan da likitoci biyu na asibitin Mayo a Amurka, Schondorf da Low, suka fito da shi a 1993, ko da yake tun 1871 likita Da Costa ya rubuta irin alamominsa a jikin sojojin yaƙin basasar Amurka. Ma'auninsa shi ne bugun zuciya ya ƙaru da 30 a minti ɗaya cikin minti 10 na tsayuwa, ko da 40 ga 'yan shekara 12 zuwa 19, kuma abin ya ɗauki aƙalla wata 3 yana damun mutum. Mafi yawan masu shi mata ne, daga 'yammata zuwa masu shekara 50. Sau da yawa yakan fara ne bayan zazzaɓi mai tsanani, ko haihuwa, ko tiyata, kuma an ga ƙaruwarsa bayan annobar korona.

Nan ne muke son mu tsaya kaɗan. Ku duba wanda ciwon ya fi kamawa: yarinya budurwa ko matar aure mai ƙuruciya, mai yawan suma, mai kukan faɗuwar gaba da ciwon kai da kasala. Mun san hukuncin da ake yanke mata a gidajenmu tun kafin ta ga likita. Wasu su ce ƙiwa ce, ba ta son daka da wanki. Wasu su ce shagwaɓa. Da yawa kuma su ce mutanen ɓoye ne, musamman da yake mai suma yakan yi 'yar fizge-fizge na wasu daƙiƙu idan jini ya yi wa ƙwaƙwalwa ƙaranci, abin da ke sa a ɗauka farfaɗiya ce ko bugun aljani. Ba mu hana kowa addu'a da ruƙiyya ta shari'a ba, alheri ne ga kowane maras lafiya. Abin da muke cewa shi ne a lura da lokacin da abin ke zuwa. In kullum a tsaye yake kama ta, a layin awo, a gaban murhu, a taron safe na makaranta, kuma da ta kwanta sai ya sake ta, to wannan alama ce da ya kamata a kai wa likita. Zalunci ne a yi shekara ana turara wa yarinya hayaƙi ana dukanta da sunan fitar da aljani, alhali agogo da na'urar awon jini za su iya nuna inda matsalar take cikin kwata ɗaya na awa.

Gwajin farko ba ya buƙatar babban asibiti. Mutum ya kwanta shiru minti 5 zuwa 10, a ƙirga bugun zuciyarsa a auna jininsa, sannan ya miƙe ya tsaya cik, a maimaita awon a minti na 1, na 3, na 5 da na 10, wani yana tsaye kusa da shi don kada ya faɗi. A rubuta lambobin, a yi haka a ranaku daban-daban, da safe ya fi, a tafi da takardar wurin likita. Shi kuma kafin ya ce jijiyoyi ne, zai fara neman abubuwan da suka fi yawa a wurarenmu: ƙarancin jini, zazzaɓin cizon sauro, juna biyu, ƙarancin ruwa a jiki, ciwon maƙoƙo, da magungunan da mutum yake sha. Maganin hawan jini, da mai sa yawan fitsari, da wanda ake ba dattawa don matsalar fitsari, duk suna iya kawo jiri in an miƙe. Akwai kuma sumar da ba a jira da ita ko kwana ɗaya: wadda ta zo ana cikin gudu ko aikin ƙarfi, ko mutum yana kwance, ko tare da ciwon ƙirji, ko a gidan da wani ya taɓa mutuwar fuju'a yana matashi. Wannan zuciya ake fara dubawa.

Idan wani ya faɗi a gabanmu, a kwantar da shi a bayansa, a ɗaga ƙafafunsa, a sassauta masa tufafi, jama'a su ja baya iska ta shiga. Kada a zaunar da shi a jingina shi da bango, wannan yana ƙara hana jini isa kai. Kada a ɗura masa ruwa ko a cusa masa cokali a baki. Idan ya wuce minti ɗaya ko biyu bai farfaɗo ba, ko numfashinsa ya tsaya, ko ya bugu a kai, sai asibiti.

Yawancin nau'o'in wannan ciwo ba a warkar da su da allura ɗaya, lallaɓawa ake yi, kuma rabin lallaɓawar a gida take. Ruwa ne kan gaba: lita 2 zuwa 3 a yini, fiye da haka a bazara. Shan rabin lita a tashi ɗaya yana ɗaga ƙarfin jini cikin 'yan mintuna, don haka ya kyautu a ajiye gora a gefen shimfiɗa a sha kafin a tashi sallar Asuba, domin safiya ce lokacin da jiri ya fi tsanani. A tashi a hankali: a zauna bakin gado, a motsa ƙafafu, sannan a miƙe. Namiji mai wannan matsala kada ya yi fitsari a tsaye da dare. Ɗaga kan gado da bulo ɗaya a ƙarƙashin kowace ƙafa ta sama yana taimakawa. Cika ciki da tuwo a zama ɗaya yana jan jini zuwa hanji, gara a rarraba abinci kaɗan-kaɗan. Wanka da ruwa mai zafi sosai, wanda masu jego suka sani, yana buɗe jijiyoyin jini ya ƙara jiri. In alama ta fara a tsaye, a harɗe ƙafafu a matse cinyoyi, ko a tsuguna nan take ba tare da jin kunyar kowa ba. Ɗaure ciki da ɗamara ko sa safa mai matsewa har ƙugu yana rage gangarar jini. Kuma kwanciya kullum tana ƙara lalata lamarin, don haka ana son motsa jiki, a fara da wanda ake yi a kwance ko a zaune, a riƙa ƙarawa sannu a hankali.

Batun gishiri yana buƙatar taka-tsantsan. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba sauran jama'a shawarar kada su wuce giram 5 a yini, kusan ƙaramin cokali ɗaya. Mai POTS kuwa likita yana iya ce masa ya kai ninkin haka. Amma dattijon da jininsa ke faɗuwa a tsaye yana iya zama mai hawan jini a kwance, kuma mai ciwon ƙoda ko zuciya gishiri illa ne gare shi. Saboda haka kada kowa ya ƙara gishiri don ya karanta a nan. Haka ma magunguna irin su fludrocortisone, midodrine da propranolol, likita ne ke zaɓa gwargwadon nau'in ciwon, wanda ya yi wa wani amfani yana iya kayar da wani.

Game da salla, shari'a ta riga ta buɗe ƙofa. Sahabi Imrana ɗan Husaini (RA) ya kai kukan rashin lafiya ga Manzon Allah (SAW), aka umarce shi da yin salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kan gefensa, kamar yadda Bukhari ya ruwaito. Ɗalibanmu da suka karanta Ahalari sun san matakan nan bakwai, daga tsayuwa ba jingina har zuwa kwanciya a rigingine. Wanda ya san tsayuwa za ta kayar da shi, ya yi kabbara ya tsaya iya ƙarfinsa, in ya ji duhu ya fara sai ya zauna ya ci gaba. Ya nemi gefen sahu kusa da bango ko ƙofa. Asham da tahajjudi nafila ne, yin su a zaune ya halatta. Wanda ya suma kuwa alwalarsa ta warware, sai ya sake ta ya kawo sallarsa bayan ya dawo hayyacinsa. Muna kuma tunatar da limamai umarnin da aka ba Mu'azu ɗan Jabal (RA) na sassauta karatu saboda masu rauni da ke bayansa. Su kuma masu kallon matashi a zaune a sahu suna taɓe baki, su sani ba kowane ciwo ke zuwa da sanda ko furfura ba.

Azumi ya fi wuyar sha'ani, domin awa 13 zuwa 14 ba ruwa shi ne ainihin abin da wannan ciwo ba ya so. Ayoyi na 184 da 185 na Suratul Baƙara sun ba maras lafiya izinin ajiyewa ya rama, kuma malamai sun yi bayanin ciyarwa ga wanda ba a sa ran zai iya ramawa. Mutane sun bambanta. Wani zai iya in ya jinkirta sahur, ya sha ruwa sosai tsakanin buɗa-baki da Asuba, ya guji rana. Wani sai dai ya rama a lokacin hunturu. A haɗa likita da malami tun a watan Sha'aban, kada a bari sai an faɗi a rana ta uku.

Masu ciwon suga su ne abin tsoro a nan. Suga da ya daɗe ba a riƙe shi ba yana cin waɗannan jijiyoyi, ya kawo kumburin ciki bayan 'yar loma, da rikicewar zufa, da matsalar mafitsara, da raunin mazakuta. Mafi haɗari, yana iya kashe alamomin da ke gargaɗin mutum cewa sugansa ya faɗi, wato rawar jiki da zufa da bugun zuciya, sai dai kawai a ga ya rikice ko ya suma. Irin wannan mutum kada ya dogara da yadda yake ji, ya dogara da na'ura. Tsira yatsa don auna suga ba ya karya azumi. Idan awon ya nuna ƙasa da 70, wato 0,70 a irin lissafin asibitocin Nijar da Kamaru da Cadi, ya sha ruwa nan take da abu mai zaƙi, ko da saura minti goma a kira Magariba.