Daga Motar Langa-langa Zuwa Tankar Tafin Hannu

A unguwannin cikin birnin Katsina, daga Gobarau har Ƙofar Soro, yaro ya daɗe yana ƙera motarsa da kansa. Gwangwanin madara ne jiki, tsohon silifa ne taya, wani kuma totuwar kara da ɓawonsa sun ishe shi. Iyaye da malamai da dama suna ɗaukar wannan a matsayin shiririta mai hana karatu. Alhali kuwa a ƙasashe irin su Ingila da Japan akwai manya masu furfura da suke yin irin wannan aiki, har ya zama sana'ar manyan kamfanoni. Abin da ya raba aikinsu da na yaranmu shi ne ma'auni.

Ma'auni yana nufin a rage kowane ɓangare na abu da adadi guda. In an rubuta 1:35, ana nufin santimita ɗaya a jikin samfuri yana madadin santimita 35 a jikin motar gaske, ko a tsawo, ko a faɗi, ko a kaurin bakin igwa. Kamfanin Airfix na Ingila ya fitar da jirgin yaƙi na Spitfire a ma'aunin 1:72 a shekarar 1953. Kamfanin Tamiya na birnin Shizuoka a Japan kuwa ya fitar da tankar Panther a 1961, aka yi girmanta daidai yadda za ta ɗauki batura a cikinta. Da aka auna sai aka tarar 1:35 ne, tun daga nan wannan ma'auni ya zauna wa motocin soja.

Bari mu gwada da abin da muka sani. Hasumiyar Gobarau tana da tsayin kimanin mita 15, wato santimita 1,500. A raba da 35, za a sami kusan santimita 43. Tankar T-55 ƙirar tsohuwar Tarayyar Sobiyat, wadda sojojin Nijeriya suka yi amfani da ita, ta kai mita 9 in an haɗa da igwarta, saboda haka samfurinta zai zama kusan santimita 26.

A nan ne ɗalibai suka fi faɗuwa a jarrabawa, don haka a lura. Tsawo ne kaɗai yake raguwa sau 35. Shimfiɗar jiki, wato wurin da za a shafa wa fenti, tana raguwa sau 35 x 35, wato 1,225. Cikin abu kuwa, da nauyinsa, yana raguwa sau 35 x 35 x 35, wato 42,875. Tankar nan nauyinta kimanin tan 36 ne. Da za a ƙera ƙaramarta da ƙarfe iri ɗaya, komai da komai, da ba za ta wuce giram 840 ba, ko kilo guda ba ta cika ba. Malamin da ya sa aji suka auna motar makaranta suka yanka ta a kwali ya koyar da wannan darasi fiye da wanda ya cika allo da alli.

Samfuran kanti da roba mai tauri ake yin su, gunduwa-gunduwa. Gam ɗinsu yana narkar da fuskar robar ne har ɓangarorin biyu su zama ɗaya, kuma tururinsa yana cutar da huhu da ƙwaƙwalwa, sai a yi aiki a inda iska take shiga. Wanda ba shi da kuɗin saye, kwali da langa-langa da waya sun wadatar, muddin akwai rula.

Wurin da gwaninta take fitowa shi ne tsufar da mota. Tankar da take ƙyalli kamar kwanon amarya ba ta kama da gaske. Rana tana kashe kaifin fenti, musamman a saman mota. Ƙarfe in ya haɗu da iska da danshi sai ya yi tsatsa, kuma abin sha'awa, sinadarin da yake ba tsatsa launinta shi ne yake ba jar ƙasa nata. Ke nan ƙasar bayan gida, in an tankaɗe ta da kyau aka kwaɓa da ɗan ruwa da gam, ta fi wani fentin waje dacewa da sarƙar tanka. Ƙurar hunturu daban ce: fara-fara ce, mai laushi, yawancinta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi iska take kwaso ta, kuma a saman abu take kwanciya. Garin alli da ɗan toka suna kwaikwayonta.

Dabaru biyu sun fi shahara. Ta farko, a tsinka fenti mai duhu ya zama kamar ruwan shayi, a ɗiga a lungu. Da kansa zai bi tsagi ya zagaye kusoshi, kamar yadda kananzir yake hawa lagwani. Ta biyu, a tsoma burushi a fenti mai haske, a goge shi a tsumma har ya kusa bushewa, sannan a shafa sama-sama don gefuna su fito. Bakin fensir yana ba da ƙyallin ƙarfen da hannu ko takalmi ya goge. Sai dai a guji tinar masu fentin mota, domin tana cin roba. Yawancin masu koyo wuce gona da iri suke yi, su mai da motar da take bakin aiki kamar wadda aka yar a bola shekara ashirin. Maganin wannan shi ne kallo: a tsaya a dubi tsohuwar tifa, ko bangon ƙasa bayan damina, a ga ta inda ruwa ya bi ya bar zane.

Launi ma yana da nasa lissafi. Duban samfuri daga nisan mita ɗaya daidai yake da duban tankar gaske daga mita 35, kuma ƙurar da take tsakani tana dusashe launi. Shi ya sa ake ɗan sirka fentin da fari.

Mai neman abin kwaikwayo na gida ba zai rasa ba. Gidan tarihin yaƙi na Umuahia yana ajiye da motocin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, har da waɗanda aka ƙera a ɓangaren Biyafara. Akwai kuma Ezugwu, mota mai sulke da masana'antar DICON ta Kaduna ta ƙera, aka ƙaddamar a 2019. Daga hotunan littafi da jarida za a yi aiki, kada a je bakin bariki da kyamara. Hoton da aka ɗauka daga gefe sak ya fi amfani: in an san tsawon taya ɗaya, sauran awo duka za su fito da rula.