Daga Ramin Kuza Zuwa Rijiyar Mai A Teku

Yaron da ya tashi a Tudun Wadar Jos, in an ce masa ruwa mai zurfi, abin da zai faɗo masa a rai shi ne kududdufan da masu haƙar kuza suka bari, waɗanda iyaye ke kwaɓar yara kada su kusance su. Teku kuwa sai dai a taswira. Amma sana'ar haƙo arzikin ƙasa, wadda ta tara jama'a a Jos, yanzu tsokarta tana can tsakiyar teku.

Tun kafin farashin kuza ya faɗi warwas a 1985, man fetur ya riga ya sha gabanta. Kamfanin Gulf ya fara haƙo mai daga cikin teku a Okan, kusa da Escravos, a 1965. Rijiyoyin Bonga na Shell, waɗanda suka fara aiki a 2005, suna wajen mil 75 daga gaɓa, zurfin ruwan kuwa ya zarce ƙafa 3,000. Injiniya a irin wannan wuri yakan yi makonni bai taka ƙasa ba, aikin sa'a 12 kullum, yana lura da ƙarfin man da ke tasowa, don in ya ƙwace sai gobara.

To, ina hanya? Tun daga sakandare take: lissafi, fiziks da kimistiri. Wanda ya yi sakaci da su ya rufe wa kansa ƙofa. Daga nan sai karatun injiniyan man fetur, kamar a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ta Bauchi, ko Makarantar Koyon Aikin Mai ta Effurun kusa da Warri. Injiniyan lantarki da na injuna su ma ana nemansu ƙwarai.

Akwai kuma jarrabawar da ba ta takarda ba. Kafin a kai mutum teku, sai an ɗaure shi cikin kwaikwayon jirgi mai saukar ungulu, a kifar da shi cikin ruwa, ya kwance ɗamara ya fito ta taga. Ɗan tudu da aka raina da tsoron kududdufi, gara ya saba da ruwa tun da wuri.

A nan ne 'yan'uwa mazauna kudu suke da abin yi. Ɗalibi yana bukatar watannin koyon aiki a kamfani, kamfanonin kuwa suna Ikko, Warri da Fatakwal. Wani yakan sami gurbin ya bari don rashin masauki. Mai ɗaki a Sabo ko Agege, in ya ba irin wannan yaro tabarma na wata 6, ya ɗauke masa babban nauyi.